Ka Bar Mata Taga

Damanhur, farkon Maris 2004

Ɗana Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da zafin Maskat ɗinka. Mu nan alhamdu lillahi. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Sukarinta ya ɗan hau a makon jiya, amma ni da kaina nake sauka hawan ƙasa safe da yamma in yi mata allurarta, gwiwoyina suna kuka ban fasa ba. Wa take da shi a gidan nan in ba ni ba? Kai kana can kana gadin kwamfutocin mutane.

Ga abin da ya zaunar da ni gaban akwatin kwamfutar nan da ɗana Hisham ya ajiye mini. Baffanka Abdussattar, yayana, yana asibiti a Iskandariyya. Ƙoda ce. Likita yana yi mana bayani yana kallon takalminsa, ka san ma'anar wannan. Ina so ka aika wa dangi duka, kamar yadda ka yi lokacin bikin 'yar Ra'uf: na Kuwait, na Jidda, na Milano, kowa. A yi masa addu'a, mai iya zuwa ya zo.

Duka, ban da Samah.

Kada ka ce mini 'yarsa ce, na riga ka sani, ni na yi mata wankan farko. 'Yarsa ce ranar da ta kai ɗana Hisham kotu ta yi masa hul'i, ta zaro fam guda daga jakarta ta ajiye gaban alƙali ta ce ga sadakinsa, a raba su? Har yau in Hisham ya shiga gidan shayi sai an samu ɗan iskan da zai ɗaga fam guda yana murmushi. Ubanta da bakinsa ya ce ba shi ba ita. Ta tattara ta tafi Kanada tana sayar wa Turawa magani, ko lambar wayarta ba ta bar wa kowa ba. To ta zauna can da ƙanƙararta.

Ban san yadda kake yin abin nan ba, Bashmuhandis, babban injiniya, ba na kuma son in sani. Buƙatata ɗaya ce: kada wani ya gane an tsallake ta.

Gwaggonka,
Iglal

Maskat, Laraba

Gwaggo Hajiya Iglal,

Wa alaikumus salam. Na yi baƙin cikin jin ciwon Baffa, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ƙalau nake, sai ƙibar da shinkafar mutanen nan take ɗora mini. Batun Mama kuwa ba ni da bakin godiya, Allah ya saka miki.

An aika, Gwaggo. Kin ce ba kya son sanin yadda ake yi, amma ki bar ni in yi burga ko sau ɗaya, ba ni da wanda zan yi wa a nan. Ni ba na buɗe imel in riƙa jero mutane kamar yadda kike yi. Fayil guda gare ni, kowane ɗan gidan Dakruri da layinsa: suna, sai adireshi. In na buɗe baƙin allon nan da ba hoto sai rubutu, na buga umarni guda, kwamfutar za ta bi layukan tun daga sama. Ta ɗauki suna ta ɗora a kan wasiƙar, ta aika, ta ɗan numfasa don kada a ɗauke mu 'yan talla, ta koma na gaba. Kafin shayina ya huce ta gama da dangi kaf. Kowa tasa wasiƙar yake samu, "Zuwa ga Ra'uf", "Zuwa ga Tamer", ba ya ganin sunan kowa sai nasa. Tsohon nan na Milano har yau zato yake shi kaɗai nake zama in rubuta wa, duk saƙo sai ya aiko mini godiya shafi guda.

Samah kuwa ko goge ta ban yi ba. Kin san alamar nan ta kan wayar tarho, #, wadda muke ce wa taga? In na sa ta a gaban layi, kwamfutar sai ta wuce layin kamar ba ta gan shi ba. Sunanta yana nan, adireshinta yana nan, ga taga a gabansu. Duk wanda ya samu saƙo zai ɗauka ita ma ta samu. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis. Kowa a duniya taga yake buɗewa ya ga mutum, mu kuwa da ita muke ɓatar da shi.

Sai dai in jikin ya yi tsanani ki gaya mini. Danna ɗaya ne in cire.

Ɗanki,
Midhat

Iskandariyya, ƙarshen Maris

Bashmuhandis,

Gaisuwa da fatan alheri. Mahaifiyarka lafiya, na bar wa matar Ra'uf allurar kwana biyu don na zo jinya. Ta ce hannun matar Ra'uf yana da zafi, na ce ta yi haƙuri, ba kowa ne Iglal ba.

Tagarka tana aiki, Allah ya yi maka albarka. An fara yi wa Baffanka wankin ƙoda, ya rame ya zama kamar sandarsa. 'Ya'yansa maza sun iso, Tamer ya zo daga Jidda, Sharif ya ɗauki hutu a makarantarsu, ɗakin cike yake da mutane da lemo. Jiya bayan la'asar sai tsohon ya jawo gefen mayafina.

"Iglal, yarinyar nan ta ji?"

Na ce, "Wace yarinya, Yaya?"

"Kin san wadda nake nufi."

Na ce, "An aika wa kowa. Tambayi ɗanka."

Tamer ya ce, "Gaskiya ne, Baba, ni na samu nawa har da sunana a kai. Midhat ba ya tsallake kowa."

Ka ji shaidar da ake yi maka? Tsohon ya juya fuskarsa bango. Da muka fito baranda Tamer ya ce shi zai rubuta wa ƙanwarsa da kansa. Na ce masa, "Rubuta mana. Saƙo uku ta samu ta yi banza da su, kai ka je ka durƙusa mata a na huɗu, ka zubar da sauran mutuncin ubanka." Idonsa ya yi ja, ya rantse ba zai neme ta ba har abada. Matar Sharif da a dā take kare ta, yanzu ita ce kan gaba wajen cewa zuciyar Samah dutse ce. Ni ko baki ban ƙara sawa ba, ina ɓare lemona ina saurare.

Ka aika na huɗu: an fara wankin ƙoda, ana neman masu ba da jini.

Gwaggonka

Maskat, Asabar

Gwaggo,

Na gode da labarin Mama, Allah ya ƙara wa Baffa sauƙi. Ni kwana biyu cikina ba daɗi, ban san ko me na ci ba.

Na aika na huɗu. Amma Gwaggo, abin da ya faɗa miki ya tsaya mini a rai. In shi da ya yi rantsuwar ya sauko, mu mene ne namu? Ban ce Samah ta kyauta wa Hisham ba, Allah ya sani ba ta kyauta ba. Na tuna dai muna yara, in mun zo babban gida ranar salla, Baffa ita yake ɗorawa a kafaɗa ya zagaya da ita gonar lemo, mu muna bin su a ƙasa. Daga Kanada zuwa Alƙahira kwana guda ne a jirgi.

Kamfani zai tura ni Salala in haɗa musu na'urori, zan ɗan jima a can, amma fayil ɗin yana tare da ni. Ki ce in cire kawai, ba wanda zai san an taɓa sawa.

Ɗanki Midhat

Iskandariyya, Afrilu

Midhat,

Ina gaishe ka. Cikin naka ka sha shayin yansun da zafinsa, zai kwanta. Mahaifiyarka lafiya. Af, Hisham ya sake tayar da maganar hawan ƙasa, wai ɗakunan da take ciki za su yi kyau da shagon kayan waya, tunda dai ba gādon ubanka ba ne, alfarma ce Baffanka ya yi muku. Na ce masa kul, muddin ina zaman lafiya da ɗanta ba mai taɓa ko tsintsiyarta.

Gonar lemo! Ashe har waƙa ka iya. Ni da ke wanke masa baki da auduga ba na buƙatar a tuna mini waye yayana.

Likita ya ce mu shirya. Ka aika wa dangi cewa wanda yake son ganinsa da rai ya taho yanzu. Ya sa an juya masa gado yana kallon ƙofa, duk wanda ya turo ta sai ya ɗaga kai. Na gaji, Midhat, na gaji da kallon wannan.

Batun Samah kuwa, ka bar mata taga.

Iglal

Salala, Litinin

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, Allah ya ba ku ladan jinya. Sai yau na samu layi, wasiƙarki ta kwana biyu tana jirana.

Ban gane layinki na ƙarshe ba. In bar tagar a gaban sunanta kamar yadda take, ko in bar mata hanya ta shigo? Na karanta ya fi a ƙirga, kowane karatu da abin da yake ba ni. Saƙon ba ya jira, don haka na aika wa dangi, layinta kuma na bar shi yadda yake har in ji daga gare ki. Kalma ɗaya ta isa: cire, ko bari.

Midhat

Salala, Alhamis

Gwaggo,

Ina fata lafiya. Shiru. Na kira wayar gida ba a ɗauka ba. Allon yana buɗe a gabana, yatsana yana kan madannin. Cire, ko bari?

Midhat

Damanhur, tsakiyar Afrilu

Ɗana Bashmuhandis,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffanka ya rasu ranar Juma'a da hantsi, an kawo shi gida an binne shi kusa da mahaifinmu bayan la'asar. Mahaifiyarka ta yi kuka har sukarinta ya faɗi, na jiƙa mata dabino, yanzu ta warware. Na ga wasiƙunka biyu yau da safe. Wa yake da lokacin kwamfuta yana kan gawa?

An kafa rumfa ta cika titi, mai karatu daga Tanta muka ɗauko, gahawa marar sukari har ta ƙare aka sake dafawa. Ya yi kyakkyawan ƙarshe. Da safen ranar wata ma'aikaciyar jinya ta shigo duba ruwan da ake ƙara masa, doguwa haka mai tabarau. Ya kama hannunta ya ce, "Samah, kin zo? Na yafe miki, 'yata, ki yafe mini." Yarinyar ta ce, "Amin, Alhaji," ta zare hannunta ta ci gaba da aikinta. Ka ga yafiyar ba ta faɗi ƙasa ba, ta samu mai karɓa.

Ga sanarwar da za ka aika, kada ka taɓa ko wasali:

"Gidan Dakruri na sanar da rasuwar babbansu, Alhaji Abdussattar, tsohon jami'in ban-ruwa. Mahaifin Injiniya Tamer na Jidda da Malam Sharif malamin lissafi. Yayan Hajiya Iglal, tsohuwar shugabar makaranta. Kawun Hisham ɗan kasuwa. Baffan Ra'uf, da Bashmuhandis Midhat na Maskat."

Ka ga sunanka? Ubanka, Allah ya ji ƙansa, kakanni kawai muka haɗa da shi, har ya mutu bai taɓa shiga sanarwar babban gida ba. Ni na sa ka, Tamer bai musa ba.

Wannan karon ka cire tagar. Ina so ta samu, da sunanta a saman wasiƙar kamar kowa.

Gwaggonka Iglal

Maskat, Talata

Gwaggo,

Allah ya ji ƙan Baffa, ya ba mu haƙuri. Ki gaishe da Mama. Ni ba ni da lafiya, ba kuma cikina ba ne.

Na cire, na aika. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne duk amsar da aka mayar ni take zo wa, don da adireshina saƙon yake fita. Ta'aziyya ta yi ta shigowa, tsohon Milano shafi biyu. A tsakiyarsu ga wannan, na kwafo miki yadda take:

"Midhat, wane Abdussattar? Babana? Yaushe ya kwanta? Na karanta sunayen, na ga 'ya'yansa biyu ne, wannan na gane. Abu ɗaya nake roƙonka don Allah, ka gaya mini gaskiya: ya neme ni?"

Me zan ce mata, Gwaggo? Na tambaye ki sau biyu, kika yi shiru har aka binne shi. Kin san ma'anar taga a wurina, ni na koya miki da hannuna. Kin zaɓi kalmar da za ta tsaya a tsakiya don ki samu wurin fakewa. Wallahi ban taɓa jin tsanar aikin nan ba sai yau, ko allon ba na son kallo. Wasiƙarki ta farko tana nan wurina, inda kika ce duka ban da Samah. Ina tunanin in tura wa Tamer, in kuma gaya wa Samah abin da ubanta ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya. Nata ne, ba na waccan yarinyar ba.

Midhat

Damanhur, Laraba

Bashmuhandis,

Lafiya lau muke. Mahaifiyarka tana zaune kusa da ni yanzu haka tana tsince shinkafa, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci.

Iye! Yaro ya girma. Shekara talatin ina koyar da Larabci, yau mai gadin kwamfuta zai koya mini abin da na rubuta. Me na ce? Ka bar mata taga. Ka kai wa duk wanda ka ga dama a Masar ya karanta, zai ce maka tsohuwa ce zuciyarta ta karye a gefen gadon yayanta, ta ce a bar wa yarinya hanya. Ni ina ruwana da alamar kan wayar tarho?

Tura wa Tamer ta farkon, ni kuma in nuna masa sauran. Zai ga Gwaggo ta yi fushi sannan ta sauko. Zai ga wanda ya ƙirƙiro dabarar tun ba a tambaye shi ba, wanda ya yi dariya shi kaɗai a ofis, wanda ya zauna a Salala da yatsa a kan madanni yana jiran izini. Izinin me? Adireshinta yana gabanka tun Maris. Layi ɗaya za ka rubuta mata a ɓoye, ba ni ba ko aljani ba zai sani ba. Ba ka rubuta ba, don ɗakunan hawan ƙasa sun fi maka uban wata. Ban ga laifinka ba, amma kada ka zo mini da wa'azi.

Tamer bai koma Jidda ba tukuna, ka kuma san saurin hannunsa. Hisham ma jiya na gan shi yana auna ƙofar ƙasa da igiya, na kore shi.

Ka amsa mata. Kai ne mai ilimin na'ura, ba za ka rasa abin faɗa ba.

Gwaggonka mai ƙaunarka

Maskat, farkon Mayu

'Yar'uwa Samah,

Assalamu alaikum. Ina yi miki ta'aziyya, Allah ya ji ƙan Baffa, ya sa ya huta. Ki yafe mini jinkirin amsa, aiki ne ya yi mini yawa.

Ya kwanta tun farkon Maris, ciwon ƙoda. An aika wa dangi saƙo sau da dama. Kin san irin saƙon da ake aika wa jama'a da yawa, wani lokaci yakan faɗa akwatin shara ba tare da mai shi ya sani ba. Ki duba can.

Game da tambayarki, ni ba na wurin. Abin da aka gaya mini shi ne yawanci barci yake yi, bai yi magana da kowa ba.

Ɗan'uwanki,
Midhat

Montreal, Mayu

Midhat,

Wa alaikumus salam. Na gode. Ina nan dai, ina zuwa aiki ina dawowa. Ya jikin Gwaggo mahaifiyarka? Har yanzu tana fama da sukarin? Ka ce mata ta riƙa duba ƙafafunta kullum.

Na duba akwatin sharar, ba komai a ciki. Ashe share kansa yake yi duk bayan 'yan kwanaki, ni kuwa tunda na buɗe adireshin nan ban taɓa leƙa shi ba. Ke nan babana yana can yana mutuwa, labarinsa yana cikin sharata tare da tallan agogo. Na zagi Gwaggo Iglal a raina, na zagi Tamer, ashe ni ce. Allah ya yafe mini zargin da na yi musu.

Ka ce bai yi magana da kowa ba. To ya tafi da fushinsa ke nan. Na yi zaton ko sau ɗaya zai ambace ni, ko da zagi ne.

Kai kaɗai ka amsa mini a gidan nan, ba zan manta ba. Na nemi hutu a wurin aiki. Don Allah ka sanar da ni ranar addu'ar arba'in, zan zo. Ba sai na shiga gida ba, a bakin kabarin zan tsaya. Kada ka damu da batun shara, yanzu safe da yamma nake duba ta.

'Yar'uwarka,
Samah

Damanhur, Mayu

Ɗana Bashmuhandis,

Gaisuwa. Mahaifiyarka lafiya ƙalau, jiya mulukiyya, miyar lalo, na yi da zomo, ta cinye kwano guda har ta nemi ƙari.

Arba'in ɗin Baffanka ranar Alhamis mai zuwa ne bayan la'asar. Ka aika wa dangi duka. Tagar kuma ka mayar da ita gaban sunan da ka cire ta. Ina fata wannan karon Larabcina ya fito.

Iglal

Maskat, Lahadi

Gwaggo,

Lafiya lau. An aika yadda kika ce.

A gaishe da Mama.

Midhat